Shekarar da Riɗin Hajj Isa Ya Zube

Ku ukun da kuka fara aiki da ni a wannan damina, kowannenku ya tambaye ni me takalmin ruwa yake yi a ofishin da babu komai sai kwamfutoci. Ɗayanku har cewa ya yi ko na mai shara ne. Nawa ne. Akwai kuma sababbi a cikin kwali, na kowannenku, kuma za ku sa su kafin watan nan ya mutu. Ina kallon yadda kuke aiki. Ku sauko da hotunan tauraron ɗan adam da hantsi, ku zuba wa manhaja, kafin la'asar taswira ta fito da launuka masu kyau, sai ku juya kujera kuna murmushi. Ban ce ba ku iya ba, kun fi ni saurin yatsu nesa ba kusa ba. Amma tunda kun ɗauka a nan aikin ya ƙare, bari in rubuta muku yadda na koyi sana'ar nan da abin da ta ci kafin in koya.

Aikina na farko kwafe littattafan ruwan sama ne. Na gama karatun kwamfuta na dawo garinmu Gadarif, nan gabashin Sudan, ina jin kaina, sai aka haɗa ni da Dokta Amna, wata dattijuwa masaniyar ƙididdiga wadda ba ta dariya kafin azahar. Ta nuna min kabad cike da littattafan da masu gadin gonaki suke rubuta abin da ma'aunin ruwa ya tara kowace safiya. Wasu gara ta ci gefensu, wasu shayi ya zube a kai. Ta ce in shigar da su kwamfuta, layi bayan layi. Na yi wata bakwai a kai ina ƙunƙuni a zuci.

Wata rana na kai mata wani abin mamaki. Akwai gona ɗaya a wajen Simsim da ruwa bai taɓa sauka ran Juma'a ba, shekara da shekaru, amma kowace Asabar sai a samu ya yi yawa. Na fara yi mata bayanin iska da gajimare. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ya Yusuf, wa ya rubuta littafin?"

Na ce ban sani ba.

"To je ka sani. Adadin da ba ka san hannun da ya rubuta shi ba, bai zama naka ba tukuna."

Na hau lori na je. Ashe mai gadin tun Alhamis da yamma yake tafiya ƙauye don ya samu sallar Juma'a, ya dawo Asabar ya rubuta duk abin da ya tarar a ma'auni. Gaskiya ya rubuta, iyakar abin da ya gani. Na dawo na faɗa mata, ta ce madalla, yanzu na fara aiki. Na ɗauka na riƙe darasin har abada, ashe rabinsa na riƙe.

Sana'ar tamu, in an cire mata ado, koyarwa ce. Kana nuna wa na'ura misalai masu yawa: ga hoton gona daga sama, ga abin da ya faru a ƙasa. Ta duba ta duba har ta kama alamar da ke haɗa su, sannan ka kawo mata gonar da ba ta taɓa gani ba ka ce ta faɗi. Ba ta da wayo kuma ba ta da mugunta. Abin da ka nuna mata shi ne duniyarta, abin da ba ka nuna mata ba kuwa ba za ta ce maka ba ta san shi ba. Za ta amsa da ƙarfin gwiwa ɗaya, kamar yaron da ya haddace shafi guda yana amsa kowace tambaya da shi.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Kwamfutar hannu mai zafi kamar kaskon tuya, batir biyu da farantin sola don wutar gari ba ta da alkawari, ƙaramar na'urar da ke nuna inda mutum yake tsaye a doron ƙasa, da littafin aljihu. Hotunan sama kuwa da damina rabinsu gajimare ne, sai ka jira kwanaki kafin ka samu mai tsabta. Akwai kuma mota, kuma motar nan ku riƙe ta a rai.

Aikin da ya fito da sunana shi ne na ranar yankan riɗi. Ku da kuka taso a Khartoum, yaƙi ya kawo ku nan, ba ku san riɗi ba sai a kwalbar mai. Riɗi ba ya jira. In ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, kana da 'yan kwanaki ka yanke shi, ka ɗaure dami-dami ka jingina su tsaye su bushe. Ka yanka da wuri, ƙwayar ta fito shafal ba mai. Ka makara, kwanson ya buɗe da kansa ya zubar. Ƙasarmu kuma baƙin yumɓu ce, in ta bushe tsagewa take yi, abin da ya faɗa cikin tsagar nan sai dai tururuwa. Ga shi kowa a lokaci ɗaya yake neman jungo, wato ma'aikatan da ke yawo gona-gona da lauje lokacin kaka. Wanda ya san ranarsa tun da sauran mako biyu, shi yake kama mutane kafin a kwashe su.

Na koya wa manhajata ta karanta yadda koren gona yake dusashewa daga sama, ta faɗi saura kwana nawa. Don in tara misalai, damina biyu ina fita da motar ofis ina tsayawa a gonaki ina rubuta ranar shuka da ranar yanka. Amma kun san yumɓun nan in ya sha ruwa. Mota ba ta taka shi, sai tarakta, ita ma da addu'a. Saboda haka ina bin kwaltar da ta nufi Gallabat da 'yan hanyoyin da aka ɗaga aka zuba wa tsakuwa, in tsaya inda taya ta yarda. Gonakin bakin hanya na manyan manoma ne: fili shimfiɗe iyakar ganinka, riɗi zalla, an feshe ciyawa tas. Na tara misalai masu yawa har Dokta Amna ta gyaɗa kai. Ban taɓa zama na tambayi kaina su wane ne ba sa cikin littafina ba.

Masu zuwa wurina manyan nan ne da wakilansu. Ba sa son dogon bayani. Mutum zai shigo da jallabiyya fara ƙal, ya ajiye makullin mota a teburina ya ce, "Ya bashmuhandis, babban injiniya, rana nake so, ba lacca ba." In ba shi rana. Kaka biyu a jere ranakun suka yi daidai, ko su kuskure da kwana ɗaya ko biyu. Aka fara nuna ni a kasuwar amfanin gona. Na daina cewa "wataƙila", don na lura ba a son kalmar.

Hajj Isa ba ya cikin manyan. Abokin mahaifina ne, tare suka taso a unguwarmu, jikokin mutanen da suka taho daga yamma a ƙafa za su Makka suka zauna a nan. Yana noma wata gona can cikin Simsim, nesa da kowace hanya, wadda ya yi shekara goma sha ɗaya yana haya a hannun wani mai ƙasa. Sharaɗin a fili yake: hayar buhunan riɗi ce a ƙarshen kaka, in babu, ƙasa ta koma hannun wani. Da gonar nan yake riƙe da gida mai mutum goma sha. Shi ne ya tsaya a taron ƙananan manoma ya ce ɗanmu ne ya yi abin nan, me zai sa sai manya kaɗai za su ci moriyarsa. Ya kawo min iyakokin gonarsa da kansa, yana ɗingishi, don gwiwarsa ta dama ta riga ta lalace, ba ya iya ratsa taɓo kamar da.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya yi nauyi a ƙarshe, hanyoyin ciki suka yanke. Wata Talata da hantsi Hajj Isa ya shigo ofis riƙe da waya. Ya ƙi zama sai da na matsa masa.

"Ya waladi, ɗana, Garba Dogo ya kira ni," in ji shi. Garba Dogo shugaban wata ƙungiyar jungo ne, ya fi shekara talatin yana yankan riɗi. "Ya ratsa ta gonata a ƙafa jiya. Ya ce ganyen ƙasa ya zuba, in zo a yanka. Yana da kwana huɗu ba aiki. In ban kama shi yau ba, kalas, shi ke nan, za su wuce Fashaga, sai bayan kwana goma sha biyu."

Na buɗe taswira. Hoton na shekaranjiya ne, tsaf, babu gajimare. Gonarsa kore shar. Manhaja ta ce saura kwana goma sha uku.

"Baba, riɗinka bai nuna ba. Dubi nan. In ka yanka yanzu, ƙaiƙayi za ka kai kasuwa."

"Garba ya ce ya murza kwanso da hannunsa."

"Garba yana da mutum arba'in da za su zauna kwana huɗu ba aiki. Me kake so ya ce maka?"

Wannan maganar ita ce ba na mantawa. Mutumin da ban taɓa gani ba, na mai da shi maƙaryaci don in kare launi a kan gilashi. Hajj Isa ya ƙura wa taswirar ido, ko da yake na san ba ya karanta ta.

"Ka tabbata, ya Yusuf?"

"Na tabbata, Baba."

"Tamam, na yarda. Ubanka bai taɓa ce min ya tabbata a kan abin da bai sani ba."

A gabana ya kira Garba Dogo ya ce su wuce Fashaga, su dawo masa bayan kwana goma sha biyu. Ina jin muryar mutumin ta cikin wayar yana cewa, "Ya Hajj, wallahi ka sake tunani." Hajj Isa ya ce ya riga ya yi.

Daga ranar ruwa ya ɗauke ɗif. Rana ta buɗe, iska mai zafi ta taso. A kwana na takwas wani makiyayi ya aiko wa Hajj Isa cewa tsuntsaye sun yi wa gonarsa taro. Na duba taswira, har lokacin da sauran kore a jikinta. Duk da haka na ce mu je mu gani. Muka samu tarakta mai jan tirela, muka zauna a baya ni da shi, tafiyar da ta ci mana tun asuba har rana ta take.

Tun kafin mu sauka na ji ƙarar. Wani ɗan ƙas-ƙas ne ko'ina, duk sanda iska ta kaɗa. Kwansunan ne suke buɗewa. Karan riɗin ya bushe ya yi launin toka, tsaye ba ganye, bakunan kwanso a wangale. Na taɓa ɗaya, abin da ya rage a ciki ya zubo min a tafin hannu, bai kai ƙwaya goma ba. Na sunkuya na ga farin riɗi jere a cikin tsagar ƙasa, zurfin da yatsa ba ya kaiwa.

A sunkuyen nan na ga koren. Wake ne. Ya yaɗu a ƙarƙashin riɗin, ya rufe ƙasa, ganyensa ɗanye shar, ko'ina cikin gonar. Mutanenmu ba sa barin ƙasa tsirara. Duk inda riɗi ya yi giɓi bayan tsiro, sai iyali su bi da sanda su cusa wake, kamar yadda kakanni suke yi tun a can yamma, don gida ya samu na miya da na dabbobi. Manyan gonakin bakin hanya ba sa yin haka, kuma su kaɗai manhajata ta sani. Daga sama ta ga kore ta ce riɗi ne ɗanye. Ni kuma da na tsaya a wurin, ni ne yaron da uwarsa take ba shi wake a aljihu ya bi bayanta yana cusawa a gonar kakansa. Na san abin nan tun ban san harafi ba. Ban taɓa kawo shi kusa da aikina ba, don a kaina wannan na gida ne, wancan na ofis.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni ba rimi na hau ba, tauraron ɗan adam na hau, kuma Garba Dogo da ke tafe a ƙasa ya fi ni gani.

Hajj Isa ya taka a hankali zuwa tsakiyar gonar. Na bi shi. Ya sunkuya da ƙyar, ya tsinki kwanson wake ɗaya, ya ɓare ya duba.

"Waken dai ya yi kyau, alhamdu lillahi," in ji shi.

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Abin da Allah ya rubuta." Na ce Allah ya rubuta, amma ni na faɗa. Da jungo suka dawo sun yanke abin da ya saura, bai kai hayar ba. Kafin damina ta zagayo mai ƙasar ya ba wani gonar. Na je gidansa sau biyu da abin da zan iya, sau biyu yana mayar min da shi cikin ladabi, ya sa a kawo min shayi.

Na kai wa Dokta Amna takardar barin aiki. Lokacin ta kusa ritaya. Ta karanta ta ninke ta miƙo min.

"Wanda ya san inda ramin yake shi zai tafi, ya bar wanda bai sani ba? Je ka sayi takalmi."

Gyaran ya ci damina uku. Na ajiye mota. Ina hawa tarakta zuwa inda ta tsaya, in ƙarasa a ƙafa, taɓo har gwiwa, in kwana a sansanin ma'aikata. Na nemi Garba Dogo na ba shi haƙuri a gaban mutanensa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na gama ba da haƙurin in riƙe masa igiyar ɗaure dami. Shi ya koya min murza kwanso. Na ƙara wa littafina tambayoyin da da ba na yi: wa ke noma gonar, sau nawa aka yi noma, me aka cusa a giɓi. Na daina gwada manhaja a kan irin gonakin da ta koya a kansu, sai in ɓoye mata yanki guda cur in ga yadda za ta yi da baƙo. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne koya mata ta ce ba ta sani ba. Tabon toka-toka da kuke gani a taswirarmu, wanda ɗayanku ya ce yana ɓata kyan aikin a cire shi, shi ne wannan. Ma'anarsa: ban taɓa ganin irin gonar nan ba, a aika mutum. Manyan sun yi ƙorafi, wasu sun daina zuwa. Ba za a cire shi ba muddin ina ofishin nan.

A kaka ta uku ina tattara misalai a wata babbar gona a can ciki, sai wakilin ya ce in je wurin mai gadin sansani, shi ke riƙe da littafin ruwa da ranakun shuka. Na nufi rumfar. Wani tsoho yana zaune a kan gadon igiya, ya miƙe ƙafar dama. Hajj Isa ne. Ya rame, jallabiyyarsa ta sha rana. Na tsaya riƙe da littafina na rasa inda zan sa idona.

"Bashmuhandis, marhaba. Zauna," in ji shi. Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Ya ɗauko littafin daga cikin leda. Ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Kowace rana da layinta, har Juma'a. Ya karanta min ranar shuka da ranakun ruwa ina rubutawa. Da muka gama na rufe littafi zan tashi, sai ya riƙe min hannun riga.

"Ba ka gama ba. Buɗe."

Na buɗe.

"Kusurwar gabas, wajen fadan biyu, kamar eka biyu ke nan, riɗin bai tsira da kyau ba. Na cusa wake. Mai gonar bai sani ba, amma kai ya kamata ka sani. Rubuta, ya waladi. Rubuta da kyau, kada injinka ya sake cin gonar wani."

Na rubuta. Shafin yana nan a aljihun tebur na biyu, duk mai so ya duba.

Ranar Asabar tarakta za ta tashi bayan sallar asuba. Kowa ya gwada takalminsa yau, wanda nasa ya matse shi ya faɗa tun da wuri, don tafiyar da nisa.